Darasi na 9: In Tsohuwar Kwamfuta ta Ƙi Nuna Hoto

Manufar darasi

Ɗalibi ya iya gane ko ciwon hoton kwamfuta yana jikin ƙarfe ne ko cikin manhaja, ya gyara wanda hannunsa zai iya, ya kuma san lokacin da ya kamata a kai wa mai gyara.

Daga Baleyara zuwa Yamai kusan kilomita 100 ne, daga Filinge kuwa wajen 180. Mai shagon buga takardu da hotunan fasfo, da sakataren ƙungiyar manoma, da malamin da aka damƙa wa kwamfutar makaranta, duk sun san abin da wannan nisa ke ci: kuɗin mota zuwa da dawowa, yini guda shago a rufe, ga kuɗin kayan. Babban takaicin kuma shi ne a sayo katin hoto, a dawo gida a saka, a tarar allo na nan baƙi yadda aka bar shi, don tun farko ciwon ba a nan yake ba. Saboda haka aikinmu yau bincike ne kafin kashe kuɗi, kuma ƙa'idarsa biyu ce. A fara da abin da ba ya cin ko dala, sannan a riƙa canza abu ɗaya tak a kowane gwaji. Wanda ya sake waya, ya zare kati, ya canza direba (manhajar da ke tafiyar da katin) duk a zama ɗaya, ko da kwamfutar ta tashi bai san me ya tashe ta ba. Gobe in ta sake kwantawa sai ya koma farko.

Da yawa daga cikin kwamfutocin tebur da ke hannunmu na gwanjo ne, sun gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso nan. Za ku riƙa cin karo da Dell OptiPlex 755, 760 da 780, da HP Compaq dc7900 ko 6000 Pro, duk ƙirar wajajen 2007 zuwa 2010. Injuna ne masu ƙarko, amma don ɗaki mai sanyi aka ƙera su. Ba a yi su don zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 ba, balle ƙurar da ke tashi ranar Lahadi in garken shanu da raƙuma sun cika kasuwar Baleyara.

Daga ina hoto ke fitowa?

Hoton da kuke gani a allo wani sashe ne na musamman ke zana shi. A yawancin kwamfutocin ofis wannan sashe a haɗe yake da babban farantin nan na ciki wanda masu gyara ke kira kat-mer, kuma galibi na kamfanin Intel ne. Wasu kuma an ƙara musu katin hoto na daban, na Nvidia ko na ATI, kamfanin da AMD ya saya a 2006. Katin yana zama cikin wani dogon rami a jikin farantin. Tsofaffi sosai raminsu AGP ne, wanda ya fito a 1997. Daga 2004 aka koma PCI Express, shi ne kuma ake amfani da shi har yau. Katin wannan rami ba ya shiga wancan, kada a tilasta shi.

Ku juya akwatin ku dubi bayansa. Baki mai launin shuɗi mai ramuka 15 shi ne VGA, tun 1987 ake amfani da shi. Fari mai faɗi shi ne DVI. Akwai kuma HDMI da DisplayPort, masu kama da juna amma ba ɗaya ba ne. In kwamfutar na da katin ƙari za ku ga bakin hoto a wuri biyu, ɗaya kusa da ramukan USB, ɗaya can gefe shi kaɗai a jikin katin. Wannan wuri biyu shi ke jawo kuskuren da ya fi kowanne sauƙin gyara. Ku saurari wannan hira tsakanin mai gyara da mai kwamfuta:

— Alhaji, yaushe ta fara haka?
— Tun shekaranjiya.
— Kafin nan an taɓa ta? An saka mata wani abu?
— Ba wanda ya taɓa ta. Sai dai yaron nan ya fitar da ita waje ya share shago.

Mai hankali ya riga ya san inda zai duba. Yaro ya mayar da wayar allo a bakin faranti, alhali kuwa in akwai katin ƙari kwamfuta takan rufe na farantin ta tura hoto ta katin. A mayar da waya inda take, aiki ya ƙare. Tambayar mai kaya ba ɓata lokaci ba ce.

Wasu katunan Dell da HP suna da baki mai kama da DVI amma ramukansa sun fi yawa, sunansa DMS-59. Shi sai da wayarsa ta musamman mai reshe biyu, kuma sau da yawa kwamfutar gwanjo kan iso ba tare da ita ba.

Gwajin da ke raba gardama

In an kunna kwamfuta, kafin Windows ya tashi, tambarin Dell ko HP kan bayyana na ɗan lokaci. Ku zuba masa ido sosai. A wannan lokaci babu Windows, babu direba, babu wata manhaja da aka saka. In tambarin ya fito tsaf, sai bayan Windows ya shigo hoto ya lalace, to a fi zargin manhaja. In kuwa tun a tambarin akwai layuka, ko ɗigo-ɗigo, ko duhu, manhaja ba ta da laifi, a nemi ciwon a waya, allo, kati ko wuta. In tambarin na wucewa da sauri, a danna F2 a Dell ko F10 a HP a shiga shafin BIOS a duba a natse, a fita ba tare da canza komai ba.

Ga wata dabara in layukan suna cikin Windows. A danna maɓallin Impr écran, a liƙa hoton cikin Paint, a ajiye shi a kilen USB a buɗe a wata kwamfuta. In layukan sun biyo hoton, kati ne ko direbansa. In hoton ya fito lafiya, a koma kan waya da allo.

In ciwon na ƙarfe ne

A fara da allo. A zare wayar hoto, a bar allon a kunne. In ya rubuta cewa babu sigina, rubutun kuma ya fito sarai, allon na da rai. Sai a dubi bakin wayar VGA a haske. Allurai uku na farko su ke ɗaukar ja, kore da shuɗi. In ta kore ta lanƙwashe, allo kan koma ruwan hoda. In ta shuɗi ce, ya koma rawaya. Mutane kan ce allo ya tsufa, alhali allura ɗaya ce ta kwanta. A miƙar da ita a hankali ko a aro wayar maƙwabci a gwada.

In allo da waya lafiya, a saurari akwatin. Kwamfuta kan faɗi ciwonta da ƙara ko da fitila. A HP Compaq na ofis, jar fitila mai ƙiftawa sau biyar tare da ƙara biyar na nufin RAM, wato sandunan ƙwaƙwalwar kwamfuta, sau shida hoto, sau huɗu wuta, sau biyu kuma zafi ya yi wa injin yawa. OptiPlex na da fitilu masu lamba 1 zuwa 4. In 2 da 4 suka tsaya a kunne, katin hoto ake zargi. A rubuta abin da aka ji ko aka gani kafin a taɓa komai. Ku lura cewa RAM da ya saki yana hana hoto fitowa daidai yadda mataccen kati ke yi, shi ya sa ƙidayar ke da amfani.

Yanzu a buɗe akwatin, amma da sharaɗi. A zare wayar wuta daga bango, a danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wuta ta fita, a taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin a taɓa komai a ciki. Lokacin hunturu, da iska ke bushewa har mayafi na tartsatsi da dare, wutar da ke taruwa a jikin mutum ta isa ta kashe kati. Abu biyu kuma ba a buɗe su ko kusa: akwatin wuta na cikin kwamfuta, da tsohon allon nan mai ƙaton ƙeya. Suna riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare su.

A kwance katin, a lura da ɗan maƙallin roba da ke ƙarshen ramin, a zaro shi ta gefuna. A goge haƙoransa masu ruwan zinariya da magogin fensir, a hure ramin, a ajiye katin gefe. Kafin a mayar da shi, a haɗa allo da bakin faranti a kunna. In hoto ya fito, an kama mai laifi, ko dai katin ko zamansa a ramin. A kashe, a mayar da shi har ya zauna daram, a sake gwadawa. Sau da yawa girgizar mota a hanya ko sauyin zafi da sanyi ne kawai suka sassauta shi. In har yanzu ya ƙi, a bar shi a waje. Mai buga takardu da Word da Excel ba ya buƙatar katin ƙari, hoton faranti ya ishe shi, kuma kwamfutar za ta rage cin wuta da zafi.

Akwai ciwon da ba ya nuna kansa sai an jima. Kwamfuta ta yi aiki lafiya da safe, wajen azahar allo ya fara tsalle, ko ya ɗauke, ko ta kashe kanta. Wannan zafi ne. A kunna ta a buɗe a duba ko ƙaramar fankar kati na juyawa. Ƙura kan daskare tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya har iska ta kasa wucewa. A fitar da akwatin waje, a share da buroshi mai laushi da abin hura iska, a riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Ba ruwa, ba jiƙaƙƙen tsumma. Manhajar HWMonitor ko GPU-Z, duka kyauta, suna nuna zafin kati. Katin da ba ya aikin komai amma ya haura digiri 70 abin tuhuma ne, wataƙila man da ke tsakaninsa da ƙarfen sanyaya ya bushe, sai mai gyara ya sabunta shi. Kuma don Allah a daina ajiye akwati a ƙasa ko a rufe shi da zane yana aiki. Zanen na bayan an kashe ne.

Tunda akwatin na buɗe, a dubi 'yan ƙananan gwangwanayen da ke tsaye a jikin faranti da kati, su ne kondansater. Samansu ya kamata ya zama a shafe. Wanda ya kumbura ko ya zubar da wani abu mai ruwan ƙasa ya mutu. OptiPlex GX270 da GX280 na wajajen 2003 zuwa 2005 sun yi suna da wannan ciwo. Mai gyaran rediyo ko talabijin da ya iya walda da dalma zai iya canza su.

Maganar wuta gajeriya ce amma mai tsada. Wutar Nijar volt 220 ce. Wasu tsofaffin akwatuna suna da ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. Kwamfutar da ta fito daga Amurka kan zo a kan 115, in aka sa ta a wuta haka nan, nan take za ta ƙone. A duba kafin kunnawar farko. Mai aiki da janareta kuma ya sa regilater mai daidaita wuta tsakani, in da hali ondiler mai batiri.

In ciwon na manhaja ne

Ranar kasuwa a Baleyara, in Buzu mai raƙumi da Bakurfaye mai saye ba sa jin harshen juna, sai an samu wanda ke jin duka biyun ya shiga tsakani. Aikin direba ke nan tsakanin Windows da katin hoto. Kati lafiya, Windows lafiya, amma in mai shiga tsakanin ya ɓace ko aka kawo wanda bai dace ba, ciniki ba zai faɗa ba. A kwamfuta mai Faransanci, pilote aka rubuta.

Alamun ciwon direba sanannu ne. Rubutu ya yi manya-manya, hoton mutum ya baje a faɗi, bidiyo na sarƙewa, ko allo ya yi duhu na ɗan lokaci ya dawo da saƙon cewa direba ya daina amsawa. Tun daga Windows Vista, in kati ya yi daƙiƙa biyu bai amsa ba, Windows kan sake tayar da direban da kansa. In ya kasa sai shuɗin allo ya fito. Kada a kashe da sauri, a ɗauki hotonsa da wayar hannu. In an ga nvlddmkm.sys, direban Nvidia ne. Atikmdag.sys ko atikmpag.sys na AMD ne, igdkmd kuma na Intel.

A danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta devmgmt.msc, a buɗe Cartes graphiques. In an ga sunan katin sosai, direba na nan. In an ga Carte graphique VGA standard, babu direba, Windows na lallaɓawa ne kawai. Haka takan kasance bayan an wanke kwamfuta aka sake Windows. Alamar rawaya da Code 43 na nufin katin ya kai ƙarar kansa. Wani lokaci sabon direba na warkar da shi, wani lokaci kuma katin ne ke gargara.

Don sanin ko kati na wane kamfani ne ba tare da buɗe akwati ba, a shiga Propriétés, sannan Détails, a nemi lambar da ta fara da VEN. 10DE Nvidia ne, 1002 AMD, 8086 Intel. A sauko da direba daga shafin kamfanin katin ko na Dell ko HP, a tabbatar ya dace da Windows ɗin, 32 bit ko 64. Ra'ayina game da manhajojin nan masu alkawarin sabunta dukkan direbobi da dannawa ɗaya shi ne a guje su. Sun fi kawo talla da direban da bai dace ba. Kuma ba kullum sabon direba ne na kirki ba. Katunan GeForce 8400 da 210, alal misali, direbansu na ƙarshe shi ne 342.01 na Disamba 2016, duk wanda ya fi shi lamba ba nasu ba ne. Da yake intanet na da tsada, wanda ya samu direban da ya yi aiki ya ajiye shi a kile, ya rubuta sunan kwamfutar a jiki.

In allo ya mutu daidai bayan an saka direba, a sake kunnawa ana danna F8 a XP ko Windows 7, a zaɓi Mode sans échec. A nan Windows ba ya amfani da direban katin, sai a cire direban ko a koma na baya. In allo ya rubuta cewa sigina ya fi ƙarfinsa, a wannan jerin na F8 akwai zaɓin ƙaramin hoto na 640 × 480, a shiga da shi a rage girman. A Windows 10 F8 ba ya aiki haka kawai, sai a riƙe Maj a danna Redémarrer.

Abin da ake ɗora wa kati alhali ba ruwansa

Bidiyon biki da aka ɗauka da sabuwar wayar hannu yana sarƙewa a kwamfuta, sai a ce kati ya lalace. Lafiyarsa lau. Wayoyi da yawa yanzu suna ajiye bidiyo a tsarin H.265, katunan zamanin can kuwa iyakarsu H.264. A juya bidiyon da HandBrake zuwa H.264, zai tafi sumul. In Word ko burauza ne kaɗai ke ƙyalƙyali ko nuna baƙin fili, a shiga saitinsu a kashe accélération matérielle.

In shafukan intanet duk sun ƙi buɗewa suna ƙorafin tsaro, a dubi kwanan wata a kusurwar allo. In ya koma shekarun baya, ƙaramin batirin faranti ne ya ƙare, CR2032 mai volt 3, irin na rimot ɗin mota. Wani ciwon kuwa tsufa ne kawai. Microsoft ya daina kula da XP ranar 8 ga Afrilu 2014, da Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Chrome 109 shi ne na ƙarshe da ke hawa Windows 7, Firefox kuma 115. Kwamfutar da buga takardu kawai take yi za ta iya ci gaba a haka, amma a nisanta ta da intanet da kilen kowa da kowa. Wadda dole sai ta shiga intanet, a gwada mata Linux Mint ko Lubuntu. Ana iya tayar da su daga kile ba tare da an goge komai ba, kuma wannan ma gwaji ne: in layukan sun bayyana a can ma, an wanke Windows daga zargi.

Wannan ya kawo mu ga al'adar da ta yi yawa a shagunan gyara, wato kowane ciwo a ce sai an yi formataj. Wanke kwamfuta ba ya miƙar da allurar waya, ba ya fitar da ƙura, ba ya tayar da fanka. Abin da yake yi tabbas shi ne goge takardun mutane, rajistar ƙungiya da hotunan shekaru. Shi ne matakin ƙarshe, bayan an kwashe komai an ajiye a wani wuri.

In kuma bincike ya nuna lallai sai an sayi kati, a tafi Yamai da bayani a rubuce: sunan kwamfutar, irin ramin, irin bakin allon, da ƙarfin akwatin wuta da ke rubuce a jikinsa. Siririn OptiPlex 760 ko 780 watt 235 kawai yake bayarwa, kuma gajeren kati kaɗai ke shiga cikinsa. Irinsa sai kati maras cin wuta kamar Radeon HD 5450 ko GeForce GT 710, waɗanda ba su kai watt 20 ba. Babban katin wasanni mai neman wayar wuta ta daban ba nasa ba ne, ko da kyauta aka bayar. A ce mai shago ya kunna katin a gabanku, ya yi aƙalla minti goma sha biyar yana nuna bidiyo, kafin kuɗi su fita daga aljihu.

Aiki

1. Wata kwamfuta tana nuna tambarin HP tsaf, amma da Windows ya shigo sai allo ya yi duhu. Ina za ku fara nema, kuma me ya sa?
2. Allo ya koma ruwan hoda tun daga kunnawa. Wane gwaji za ku yi wanda ba ya cin kuɗi?
3. Wata Hajiya mai shagon hoto a Filinge ta ce kwamfutarta na aiki da safe, da rana ta ɗauke. Ku rubuta tambayoyi uku da za ku yi mata kafin ku buɗe akwatin.

Kafin zama na gaba, kowa ya samu kwamfuta ɗaya a unguwarsu, da izinin mai ita, ya rubuta a littafinsa sunanta, bakunan hoton da ke bayanta, da abin da aka rubuta ƙarƙashin Cartes graphiques. Ku zo da sukudireba mai kan gicciye da tsohon buroshin haƙori busasshe, za mu buɗe akwatin ajinmu tare.